Zinaren da Ya Toshe Bakin Na'ura

Shafi na 27

"Ba ni na lalata ta ba, Yallaɓai. Ko taɓa ta ban yi ba tun da na dawo."

"To aljanu ne suka taɓa ta. Gyara min ita kawai."

Haka mijina ya faɗa yana tsaye a kaina da kofin shayi a hannu, ni kuma ina zaune a bakin kujera gaban teburin da na'urar buga roba take, hannuna ɗaya dafe da marata. Kwana tara ke nan da sallamo ni daga asibiti. Kwana tara da zubewar cikina na wata huɗu. Likita ta ce kada in daɗe a zaune, kada in sunkuya, kada in ɗaga ko butar ruwa. Yau da safe ya yaye labulen ɗakina ya ce hutun ya isa haka, rufi ake jira.

Rufin samfurin ɗakin karatu yake nufi, wanda muka shiga gasar zanensa. Wata biyar na yi ina zana ginin nan. Bango, matakala, ginshiƙai, har 'yan kujerun yara, duk ni na buga su ɗaya bayan ɗaya da farar roba na manna. Rufi kaɗai ya rage, kuma gobe ƙarfe goma na safe za a ajiye samfurin gaban alƙalan gasa. Ranar da na fara zanen ya riƙe hannuna ya ce allon da ke gaban samfurin sunan mutum biyu zai ɗauka, nasa da nawa. Wannan alkawarin ne ya tashe ni daga gado yau, ba tsawarsa ba.

Kan na'urar sai yawo yake a saman faranti, ya je dama ya dawo hagu kamar mai aikin gaske, amma babu abin da ke fitowa daga bakinsa. Iska kawai yake bugawa. Can baya kuma ɗan ƙarfen nan mai haƙora, wanda ke tura zaren roba ciki, yana ta ƙas, ƙas, ƙas, kamar wanda ƙashi ya maƙale wa a wuya.

Na tsayar da aikin, na danna hannun da ke sake zare, na zaro shi. Haƙoran sun cinye gefensa sun yi masa rami, farin gari ya cika tsakaninsu. Na ce masa toshewa ce, zaren yana so ya wuce hanya ta ƙi, shi ya sa haƙoran suke gurzar wuri ɗaya. Ya ce shi ba lacca ya zo saurare ba, minti nawa zai ɗauka? Na ce sai na ga inda ta toshe. Ya yi tsaki ya kurɓi shayinsa.

Na ɗauko tsohon burushin haƙori na share garin. Na duba kwarkwaron zaren ko ya harɗe, lafiyarsa ƙalau. Na cire tiyon da zaren ke bi na hura, iska ta fita ta ɗaya gefen. Saura wuri ɗaya ke nan, bakin tagullan da robar ke narkewa ta fito, wanda raminsa bai kai kaurin allurar ɗinki ba.

A nan yayarsa ta shigo, tana jan silifas. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, har yau Auta take ce masa ko a gaban ma'aikatansa. Jinyata aka ce ta zo yi. Kwana tara tana gidan, ruwan zafi ɗaya ba ta ɗora min ba, amma ta san tashar da kowane shiri yake a talabijin. Ta tsaya a bakin ƙofa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ashe dai ina iya zama, ita da ta ɗauka sai an nemo min keken guragu. Ta ce matan da ta sani ɓari suke yi da safe, da rana a gan su suna shanya.

Na ce, "Ina kwana, Yaya."

Ta kau da kai. Ta tambayi ƙaninta ko injin wasan yaran nan ne ya hana shi tafiya ofis.

Na ƙara wa bakin zafi har digiri ɗari biyu da ashirin, na yanke kan zaren a karkace don ya shiga da sauƙi, na tura da hannuna a hankali. Da ƙyar wani siririn abu ya fito, bai sauka ƙasa ba, sai ya lanƙwashe gefe ya nannaɗe a jikin bakin kamar gashin da wuta ta taɓa. In baki lafiyayye ne, robar miƙewa take ta zubo tsaye. In ta karkace haka, akwai abin da ya tokare rabin hanya.

Na ɗauko siririyar allurar da ake zurawa ta ƙasa. Dole sai na sunkuya kafin in ga ramin. Ina sunkuyawa marata ta murɗa, hannuna ya goce, yatsana ya dafa tagullan. Zafin ya tafi har ƙwaƙwalwata. Ban yi ƙara ba, yatsan kawai na sa a baki, amma hawaye ya riga ya zubo.

"Matsa da fuskarki," ya ce. "In ya ɗiga a farantin, roba ba za ta kama ba. Ke kika faɗa min."

Yayarsa ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce Auta ba ya manta karatu.

Na matsa da fuskata. Wallahi na matsa. Na share idona da gefen ɗankwali na sake zura allurar. Ta shiga kaɗan ta tsaya, na ji tana gogar wani abu mai tsauri, kamar yashi. Farar roba ba ta yin haka. Ko ta ƙone a ciki, laushi take yi in ta ji zafi.

Dabara ɗaya ta rage min. A cusa sabon zare cikin bakin yana da zafi har ya cika shi, sai a kashe zafin a bar fanka tana hurawa. Idan ya huce ya kai casa'in, robar ta daskare amma ba ta manne ba, sai a fizgo ta da ƙarfi. Kan zaren zai fito da siffar cikin bakin, ɗauke da duk dattin da ke ciki. Aikin ba wuya, jiran ne abin.

Na cusa, na kashe, na zuba wa lambobin ido suna sauka. Ɗari biyu. Ɗari da tamanin da biyar.

Wayarsa ta yi ƙara. Shugaban ofishinsu ne. Ya gyara murya ya koma bakin taga, yana cewa ranka ya daɗe ai yanzu haka a kan rufin yake, wata 'yar matsala na'urarsa ta ba shi amma ya kusa shawo kanta. Ya ce rufin nan ya hana shi barci, sai da ya zana shi sau bakwai kafin ya samu yadda iska za ta riƙa shiga ta sama tana fita ta gefe.

Sau bakwai ɗin gaskiya ne. Ni na zana, ni na faɗa masa adadin.

Ina kallon bayansa, sai na tuna shi a ajin zane, shekara bakwai da suka wuce, mai kunya, rigarsa duk tawada. Fensir yake ce min a lokacin, saboda kullum akwai ɗaya soke a ɗankwalina. Ranar da malami ya yaga aikinsa a gaban aji, ni na same shi a bayan ɗakin zane yana ɓoye fuska, ni na zauna na gyara masa layi bayan layi. Ya ce min, Fensir, in babu ke ni ba komai ba ne. Na ɗauki maganar nan na adana ta a zuciyata kamar turare. Ban san akwai ranar da zai tsane ni saboda gaskiyar da ke cikinta ba.

Ɗari da goma. Ɗari. Casa'in.

Na kama zaren da filaya, na dafe kan na'urar da ɗaya hannun, na fizga. Ya fito da ɗan sauti kamar an buɗe kwalba. Na ɗaga shi saitin hasken taga.

Kan zaren fari ne, amma jikinsa duk ɗigo-ɗigon abu mai ƙyalli. Ruwan zinare.

Na juya shi, na sake juyawa. Shekara uku ina aiki da na'urar nan, tun ranar da mahaifina ya kawo min ita a kwali da hannunsa, ban taɓa sa mata komai ba sai fari da toka-toka. Na sake kunna zafi, na sake cusawa, na sake jira. A karo na biyu ba ɗigo ya fito ba, dunƙule ne guda, zinare sak, ya kumbura ta sama ya fi zaren kauri.

Na san wannan robar. Garin ƙarfe ake cakuɗa mata don ta yi ƙyalli. Wata rana a shagon da nake sayen zare mijina ya ɗauki kwarkwaronta yana shafawa, ya ce wannan ita ta dace da manyan mutane. Na ce masa ba ta bi ta ƙaramin baki irin namu, sai mai faɗi na baƙin ƙarfe, in ba haka ba garin zai taru ya toshe, ya kuma cinye tagullan. Kumburin da ke sama kuwa abu ɗaya yake nufi. Wanda ya yi aikin bai jira na'urar ta huce ba, daga soket ya kashe ta. Fanka ta tsaya, zafi ya hau sama ya narkar da robar a maƙogwaro. Sauri yake yi. Ya zare abin da ya zaru, ya mayar da farin zarena a kai don kada in gane.

Ya gama waya ya dawo yana tambayar ko an gama. Na ce saura kaɗan. Na zare katin memori daga gefen na'urar na sa a kwamfutata. Fayil-fayil ɗina ne jere, bango na ɗaya, bango na biyu, matakala, rufi. A ƙarshensu akwai ɗaya da ba ni na ajiye ba. Allo, aka rubuta. Na dubi ranar da ke gefensa, na dubi lokacin, sai na ji ɗakin ya yi min nisa.

Ranar da aka kwantar da ni ce. Ƙarfe sha ɗaya da minti arba'in na safe.

Sha ɗaya daidai aka tura ni ɗakin tiyata don wankin ciki. Ina kan gadon turawa na riƙe hannunsa na ce kada ya tafi, tsoro nake ji. Ya sumbaci goshina ya ce yana nan a bakin ƙofa. Da na farfaɗo ban gan shi ba, nas ta ce ya fita neman wanda zai ba da jini. Sai bayan la'asar ya dawo, idonsa ja, yana cewa ya zaga gari bai samu ba, Allah Ya sa ba a buƙata ba. Har tausayinsa na ji a ranar. Na ce ya je ya huta.

Na ɗora dunƙulen zinaren a tafin hannuna na miƙa masa.

"Wannan ne jinin da ka je nema?"

Ya dubi hannuna, ya dubi kwamfutar. Fuskarsa ba ta canza ba, kofin kawai ya ajiye a hankali. Ya ce bai gane abin da nake nufi ba. Na karanta masa ranar da lokacin. Ya ce agogon kwamfuta yakan yi kuskure. Na ce to ya faɗa min wa ya sa wa na'urata zinare, tunda ni ina kwance ana yi min ƙarin ruwa.

Yayarsa ce ta gaji da jira.

"Auta, nuna mata mana. Sata ka yi? Aikinka ne, gidanka ne, wutarka injin yake sha."

Ya ce, "Yaya, bari."

Ba ta bari ba. Ta ce ai ita ta riƙe masa waya a ranar yana kallon yadda ake sa zaren, har ya ƙone ɗan yatsa, bawan Allah. Ta ce ranar ce ranar rufe karɓar sunaye, ƙarfe biyu, da hoton samfurin da allonsa ake turawa. Me ake so ya yi? Ya zauna a bencin asibiti yana gadin abin da ya riga ya zube, gasa ta wuce shi? Ta fita, na ji tana buɗe jakar aikinsa a falo, ta dawo ta ajiye abin a kan teburina, kusa da burushin haƙori.

Allon bai fi tafin hannu ba. Yana ƙyalli. Girman da na zana ne, irin rubutun da na zaɓa ne, har ɗan layin da na ja a tsakiya don ya raba sunaye biyu yana nan. A saman layin sunansa ne cikakke, da na mahaifinsa, da kalmar Akitek. A ƙasan layin babu komai. Shafaffen wuri ne, sumul. Haruffan ƙarshe na sunansa sun fito da ramuka-ramuka, alamar tun a lokacin bakin ya fara toshewa.

Na shafa wurin da babu komai ɗin da yatsan da ya ƙone.

Na tambaye shi ko mantawa ya yi. Allah Ya sani, da ya ce mantawa ya yi, da na karɓa. Da ya ce sauri ne, da ya ce ruɗewa ce, da na nemo masa uzuri da kaina kamar yadda na saba.

Ya ja kujera ya zauna, ya harɗe ƙafa.

"Ban manta ba. Biyu daga cikin alƙalan malamanmu ne. Duk wanda ya ga sunanki kusa da nawa ya san wa ya yi zanen. Shekara bakwai ina jin ana cewa ya yi sa'ar mata. Na gaji da yin sa'a."

Na ce amma shi ya yi min alkawari, ba ni na roƙa ba. Ya ce ya yi, don ya san halina, in ba a rataya min wani abu a gaba ba, ba na sakin jiki in yi aiki. Ya faɗi haka ne kamar mai bayanin yadda ake kunna janareta. Ya ce in kwantar da hankalina, in aka ci gasar ai gidan nan alherin zai shigo, zai canza min na'ura babba, in ci gaba da wasana.

Na ce, "Ba na'ura nake so ba. Sunana nake so."

"A sa sunanki a yi me da shi? Wanda ya ci gasar shi zai tsaya a kan ginin shekara biyu, rana da ruwa, da leburori, da 'yan kwangila." Ya dubi hannuna da ke kan marata. "Cikin wata huɗu kin kasa riƙewa, bene hawa uku za ki riƙe?"

Yayarsa ta gyara mayafi ta ce magana ce mai ɗaci amma ai ba ƙarya ya yi ba, kuma mace mai hankali ba ta jayayya da miji a kan guntun roba.

Ban yi kuka ba. Na so in yi, na neme shi, babu. Na ture allon gefe da bayan hannu, na juya ga na'urata.

Na kunna zafi. Na cusa zare, na jira, na fizga. Ɗigon zinare biyar. Na sake. Biyu. Na sake, ya fito fari tas, da siffar cikin bakin, amma tsininsa ya fi yadda na sani kauri. Garin ƙarfen ya riga ya faɗaɗa ramin. Da shi za a buga rufin, haƙarƙarinsa sirara za su fito a dagule. Na buɗe durowa na ɗauko sabon baki, shi kaɗai ya rage min. Na riƙe kan da sifana, na warware tsohon yana da zafi, ya faɗo a faranti yana hayaƙi. Na ɗaura sabon, na ƙara matse shi bayan ya ɗauki zafi don kada roba ta tsiyaya ta gefe.

Na tura zare. Farar roba ta zubo a miƙe, santala-santala, tana nannaɗewa a kan faranti kamar igiya. Ƙas-ƙas ɗin ya ɗauke.

Mijina ya sauke ajiyar zuciya. Har murmushi ya yi. Ya ce ya san ba zan ba shi kunya ba, ya miƙo hannu zai dafa kafaɗata, ya kira ni Fensir. Rabon da in ji sunan nan a bakinsa tun kafin aurenmu ya shekara. Yayarsa ta ce to ka gani, mace lallashi kaɗan take so, ta juya za ta koma wa talabijin ɗinta.

Na kauce wa hannun. Na jawo kwamfutata, na goge fayil ɗin rufin da ke kan katin. Na buɗe asalin zanen, wanda babu shi a ko'ina sai a nan, bayan kalmar sirrin da bai taɓa damuwa ya tambaya ba. A gaban rufin akwai doguwar haɓa da ta leƙo saman ƙofar shiga, wadda duk mai kallon samfurin ita idonsa zai fara sauka a kai. Na danna ta na fara rubutu.

Ya matso yana tambayar me nake ƙarawa, ai rufin ya gama zanuwa. Da ya karanta, murmushin ya bushe a fuskarsa.

Sunana ne, da na mahaifina. A gabansu na rubuta kalma ɗaya, Zanen.

Ya ce in goge. Na ce masa ba a saman robar na ɗora haruffan ba balle ya kankare su da wuƙa ko ya shafe da fenti. Huda su na yi, sun ratsa haɓar daga gaba har baya, haske zai riƙa bi ta cikinsu. Haɓar kuma ita ke riƙe da haƙarƙarin rufin gaba ɗaya. In ya yanke ta, rufin zai baje a hannunsa. Na ce yana da zaɓi, ya kai musu samfurin da rufi, ko ya kai shi a buɗe ya yi musu bayanin yadda iska ke shiga ta sama da bakinsa, tunda sau bakwai ya zana.

Ya kai hannu zai fizge kwamfutar, na rufe ta. Ya ce in buɗe, na ce ya buɗe da kansa. Ya kalli wayar wutar na'urar a soket, na ga yatsunsa suna motsi. Na ce ya cire, ai ya saba, amma ya sani babu wani bakin a durowa, babu kuma wani rufin a duniya sai wanda ke cikin kwamfutar nan.

Yayarsa ta dawo da sauri tana salati. Ta ce wannan wace irin baƙar zuciya ce, a gidan ƙaninta, da cinsa da shansa? Ta ce dama tun ranar da ya kawo ni ta ga idona a tsaye yake. Ta dafa ƙirji ta ce wa Auta ya nuna min shi namiji ne, in ba haka ba gobe a kansa zan taka in wuce.

Na buɗe kwamfutar daidai yadda zan tura sabon fayil ɗin kan katin, na zare, na mayar da shi gefen na'urar. Na goge farantin da tsumma. Na zaɓi rufi. Yatsana yana kan maɓallin farawa lokacin da ya yi magana, a hankali, muryarsa ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi in yana so in ji tsoro.

"In kika danna abin nan, a bakin aurenki."

Na dube shi. Na nemi yaron nan mai rigar tawada a fuskarsa, sama da ƙasa, ban same shi ba. Wani mutum ne kawai zaune a kujerata, da guntun shayi a gefen bakinsa.

Na danna.

Kan na'urar ya sauko, ya taɓa faranti, ya fara jan layin farko, fari, a miƙe, ba yankewa. Yayarsa ta ɗora hannu biyu a ka. Shi kuwa ya miƙe tsaye har kujerar ta faɗi ta baya.

Na jawo takarda ɗaya daga cikin waɗanda nake zane a kai, na ajiye masa a bakin teburin, na ɗora biro a sama.

"Awa goma sha huɗu rufin zai ɗauka, Yallaɓai. Ya ishe ka rubutawa. Ko ka rubuta ko kada ka rubuta, gobe ƙarfe goma ni zan ɗauke shi da hannuna, ni zan ɗora shi a gaban alƙalan."